Gajimaren da Na Kai wa Inna Madina

Tun da na dawo daga Madina bakina bai huta ba. Wannan ya tare ni a masallaci ya ce yaya ƙasa mai tsarki, wancan ya ce ina dabinonsa, su kuwa abokan nan nawa na majalisa ba dabinon ne ya dame su ba, so suke su ji ko da gaske ne Larabawa sun yi wa dodona dariya. Da gaske ne, sun yi. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, sana'ata kushin. Kujerar da ta lotsa da katifar da ta mutu duk nawa ne. Harkar fim tsintar ta na yi. Wani darakta ya kawo kujerun ofishinsa gyara, ya tarar ina sassaƙa kan rago da ragowar soso don nishaɗi. Ya tsaya ya kalla, sai ya ce gidan talabijin na jiharmu na neman abin da za a nuna da Sallah, shi kuma yana son ya yi fim ɗin dodo irin na Turawa, amma ba shi da dodon, ba shi da labarin. Na ce duka biyun ina da su.

Labarin na Inna ne, mahaifiyata. Muna yara a garinmu babu wanda bai san Gajimare ba, macijiyar da ke kwance a ƙarƙashin babban kududdufin bayan gari, mai ƙahon rago da zankon zakara. In hadari ya haɗu takan miƙe har sama ta sha ruwan, bakan gizon da ake gani kuwa jikinta ne. Kowace tsohuwa ta san labarin, amma babu mai ba da shi kamar Inna. In ta kai wurin da Gajimare ke shinshinar ƙafar yaro a bakin ruwa, sai ka ga kowa ya naɗe tasa.

Wata biyu na yi ina haɗa ta: tsofaffin katifu huɗu, tib na tayar babbar mota, ƙahon ragon layyar maƙwabcina, idanu kuwa fitilar siginar babur. Ƙarti shida ke shiga cikinta. A ainihin kududdufin garinmu muka ɗauka, kwana uku, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa yana kallo. Darakta ya dage sai ta fesa wuta, kuma sai jarumi ya sare mata kai a ƙarshe, wai haka ake yi a ko'ina. Na yi gardama a kan wutar, don na san halin soso da wuta. A kan sarewar ban ce uffan ba.

Aka nuna da Sallah, aka maimaita sau uku, mutane har shago suke zuwa ganina. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba. Inna ta shekara shida a Madina wurin yayana Mansur, mai haɗa magani a wani asibiti a can. Ba ta rubutu, sai dai in an samu mai zuwa ta sa a ɗauki muryarta a kaset, mu taru mu saurara. Takan bi mu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya da jikoki, kowa ta kira sunansa ta ce Allah ya yi masa albarka. Tun da wani mai dogon baki ya kai mata cewa na koma sassaƙa gumaka, sai nawa ya koma "a gai da Sabi'u." Kaset uku a jere, a gai da Sabi'u. Jaririn ƙanwata da ko arba'in bai yi ba ya samu albarka, ni mai gemu ina zaune ana gaishe ni. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na nemi bizar umara, na ce zan kai mata fim ɗin ta gani da idonta cewa tatsuniyarta ce na ɗaukaka, in ji kalmar nan daga bakinta.

Ranar tafiya na gane cewa duk wanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya yana da lambar gidana a kansa. Wannan ya kawo kuka, wannan daddawa, wannan kilishi, wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kawo yaji a gwangwanin madara ta ce in kai wa 'yarta, wai tana zaune "kusa da masallaci." Kayana na sawa a jakar hannu suka tafi, babbar jakar ta zama ta jama'a. Kaset ɗin fim kuwa na naɗe shi da sabon zane na riƙe a ƙirji, har muka tashi daga Kano muka sauka Jidda ban yarda ya bar jikina ba.

A Jidda aka raba mu. Mai duba kaya ya bar daddawa ta wuce, ya ɗan toshe hanci kawai, amma yana ganin kaset ya ɗaga hannu. Ashe dokarsu ce, kowane kaset sai an kalla kafin ya shiga ƙasa. Ban ga laifinsu a nan ba, kowane gida da tsarinsa. Aka kai ni wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar randa, ga talabijin ga na'urar bidiyo, ga wani saurayin jami'i mai siririn gemu yana shan shayi. Ya sa kaset yana tura shi da gudu, mutanen garinmu suna ta wulƙawa, har ya kai inda Gajimare ta fito daga ruwa. Nan ya tsayar. Ya matso. Ya mayar baya ya sake kallo.

"Tinnin?" ya tambaye ni. Daga baya na san haka suke kiran dodon da ke fesa wuta.

Na tattaro ɗan Larabcin makarantar allo na ce masa macijiya ce ta ƙasarmu.

"Sihir?"

Na ce a'a wallahi, ba sihiri ba ne, soso ne. Na danna kujerar da yake kai don ya gane.

Sai ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa. Suka tsaya su biyu, ya nuna masa wurin da ƙafar mutum na huɗu ta leƙo daga ƙarƙashin ciki sanye da silifa. Sau uku na kalli fim ɗin nan a gida, jiha guda ta kalla, babu wanda ya ga silifan nan sai wannan bawan Allah. Suka yi dariya har ɗayan ya zauna a ƙasa. Ni ina tsaye da hula a hannu, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Da ƙwace shi suka yi suka ce haramun ne, da na fita da kaina a sama, in ce an ji tsoron aikina. Ya miƙo mini kaset yana share hawaye, ya ce, "Ma'alesh ya Haj, tafaddal." Wato in yi haƙuri, in wuce.

Daga Jidda doguwar bas na hau zuwa Madina, na bar Makka sai a dawowa. Kusa da ni wani mutumin Maraɗi ne, Malam Ilu, yana aikin cika dabino a kwali a wani sito, ya dawo daga hutu. Ya ga yadda na rungume ƙunshina ya ce, "Mi ke cikin wanga zane, zinari?" Na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba, ya ce su ma can suna da irinta, a rijiya take. Tun daga nan na ɗauke shi mutumin kirki.

Rabin hanya aka tsaya cin abinci. Aka shimfiɗa mana leda a ƙasa, aka kawo faranti na shinkafa ja da rabin kaza, wai na mutum biyu, alhali a gidanmu mutum biyar za su ci su yi hamdala. Da muka tashi na ga ana naɗe ledoji da shinkafa tuli a ciki ana zubarwa. Na ce wa Ilu wannan wace irin ɓarna ce? Ya ce, "Hwa ka bari sai ka ga walimar aure." Sauran hanyar duwatsu ne baƙaƙe da rana. Amma da hasumiyoyin masallacin Annabi suka ɓullo daga nesa, motar ta ɗauki salati, duk fushin Jidda ya fita daga raina, na yi kuka ban ji kunyar kowa ba.

Yaya Mansur ya tarbe ni a tasha cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba, ya yi fari. Muka rungumi juna. Na shiga mota ina jiran in ga gida, sai na ga mun tsaya a ƙofar wani masauki a unguwar Anbariyya.

"Ka ga shiƙƙar tamu, gidan nake nufi, ɗaki uku ce," in ji shi, "ga Inna, ga yara, ga ƙannen madam sun zo ziyara. Nan ka fi sakewa, kuma Harami kusa. Ma fi mushkila, ko?"

Na ce babu matsala. Amma akwai. Ni da muka kwana a tabarma ɗaya da shi shekara goma sha biyar, yau ni ne ake kai wa masauki kamar mai tallar turare. A garinmu ko baƙon da ba a san daga ina ya fito ba ana share masa zaure. A can kuwa ɗan'uwanka ma sai ka buga waya kafin ka je gidansa, ƙofofi a rufe, mutum ya shekara bai san sunan wanda ke bango ɗaya da shi ba. Abu ɗaya ya burge ni, ana kiran salla za ka ji ƙofofin shaguna suna sauka, mai zinari da mai tumatir duk sun nufi sahu. Karin kumallo kuwa wake ne da aka dama da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis. Kwana biyu ina zagin waken, a na uku na nemi ƙari.

Gidan Yaya a Harra ta Yamma yake, hawa na biyu. Na tarar da Inna a kan darduma, ta ƙanƙance, ta sa tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi kowa, har akuyar ƙanwata. Ta tambayi kushin, ko ana samu. Na zube mata kuka da daddawa, ta shinshina ta yi murmushi ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Na jira sauran, bai zo ba. Na ce na kawo mata wani abu ta kalla. Ta ce to.

Sai ga wata sabuwa: Yaya ya kyautar da bidiyonsa tun bara, wai yanzu faifai ake yayi. Na ratso ƙasa da teku da kaset a ƙirji, babu abin sa shi. Ya ce zai tambaya a wurin aiki in ya tashi daga dawam, wato aikin ranar, kuma daga yadda ya faɗa na san ba zai tambaya ba. Ran Juma'a ya kai ni cin abinci cikin abokansa, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a 'yan ƙasarmu, ya gabatar da ni da cewa ina da kamfanin kayan ɗaki. Wani likita ya ce zai so ya ga kundin samfurinmu. Na ce kamfanin ni ne da almakashi, kuma ni na yi Gajimaren da aka nuna da Sallah. Yaya ya shiga tari. A mota ya ce, "Ya ahi, ba kowace magana ake yi a kowane wuri ba." Na ce ai ba sata na ce na yi ba.

Kwanakin jiran nan a falon Yaya na yi su, bayan azahar, tare da babbar 'yarsa Sumayya. A can aka haife ta, shekararta sha biyar, tana jin Hausa sarai amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Larabci. Suna da dish a saman bene, kuma akwai wata tasha da kullum da rana sai ta sa fim ɗin dodo na Turawa, irin masu arahar nan da ake yi don talabijin kawai. Na kalli huɗu. Na rantse mutum ɗaya ne ya haife su duka. Kullum ana haƙar wani abu, a farkar da dodo. Kullum akwai wata mace mai tabarau da ta san komai ba a sauraronta, da wani soja mai taurin kai, da jirgi mai saukar ungulu guda ɗaya tak da ake nuno shi ta gabas a sake nuno shi ta yamma.

Dodon kansa shi ya fi ba ni haushi, don wannan fannina ne. Da kwamfuta aka zana shi. Ya taka yashi babu sawu, ya tsaya a rana babu inuwa, ya faɗa ruwa ruwan bai san an yi ba. Mutane suna ihu suna kallon hagu, shi yana dama. Na ce wa Sumayya tawa ko ba komai in ta faɗa ruwa sai ka jiƙe.

"Ya ammi, amma wannan yana tashi sama," in ji ta, ammi kuwa baffa ke nan. "Naka yana tashi?"

Na ce ƙarti shida ne a ciki, ina za su tashi?

Na huɗun ne ya sa na miƙe tsaye. Wai a wani ƙauyen Afirka ne, an tara wasu mutane an shafa musu farar ƙasa, suna wani yare da babu mai yin sa a duniya. Wani tsoho ya fito ya ce kakanninsu sun yi gargaɗi kada a taɓa tafkin, aka ture shi gefe. Kafin a kira la'asar an harba wa dodon roka, an rungumi juna, an gama. Na yi ta faɗa ni kaɗai a falo. Na ce ku dubi rashin ta ido, a ɗauki labarin da kakannin mutane suka riƙe shekara da shekaru, ba a tambayi me ya sa suka riƙe shi ba, a kashe shi cikin awa ɗaya da rabi don a cike gurbin talla. Inna tana ɗaki tana jina. Laifi tudu ne, in ji masu magana.

Malam Ilu ne ya fitar da ni. Su takwas ne a ɗakinsu, suna da wani tsohon bidiyo da suke kallon wa'azi da kokawa. Ya ɗauko shi a kafaɗa, sai dai babu wayar haɗi. Muka bi titin Sultana shago shago, daga mai gyaran rediyo zuwa mai sayar da fanka, ni da bebancin Larabcina shi da nasa, har wani Basudane ya zaƙulo mana ita daga ƙasan akwati. Ilu ya kai ni har ƙofar bene ya juya, ya ce, "Allah shi sa ta yi maka."

Bayan la'asar na haɗa. Yaya yana nan, Sumayya tana nan, Inna ta jawo dardumarta har gaban talabijin. Da kududdufin ya fito, na ga fuskarta ta saki.

"Ga tsamiyar nan," ta ce. "Ashe tana nan. Waccan katangar gidan su goggonku Delu ce, ta zube ko?"

Zuciyata ta yi fari, na ce yau dai an dace. Gajimare ta ɗago kai daga ruwa, Sumayya ta toshe baki da gyale tana dariya, Inna ba ta yi ba. Wuta ta fito, ta ce, "Abin ruwa, ina ita ina wuta?" amma a hankali ta faɗa. Sai ƙarshe ya zo. Jarumi ya sare kan, kan ya gangara, aka saki kiɗa, yaran gari suka ruga suka faɗa kududdufin suna iyo suna tafi. Yaran garinmu ne na gaske, darakta ya raba musu alewa.

"Kashe abin nan," in ji Inna.

Na kashe. Ta ce wa Sumayya ta ba mu wuri. Sannan ta cire tabarau ta juyo gare ni, kuma tunda nake ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"A garin aka nuna wannan?"

Na ce duk jihar, sau huɗu. Gidan mai gari ma an fito da talabijin waje.

"Yaran sun gani?"

Na ce ai su ne a ciki, Inna.

"Wa ya aike ka ka kashe ta? A bakina ka ji an kashe ta? Shekara nawa ina ba ku labarin nan, ranar da na ce wani ya sare ta ka faɗa mini."

Na fara kame-kame, na ce darakta ne, haka ake yi a finafinai, dole a ƙarshe a yi nasara. Na ce ai tatsuniya ce.

"Tatsuniya ce mana. Ka ɗauka ban sani ba? Ka tuna sawun da kuke zuwa kallo bayan ruwan farko, daga bakin ruwa har gindin tsamiya?"

Na tuna. Wani faffaɗan jan ciki ne a cikin laka, mu tsaya daga nesa muna nuna shi, babu mai matsawa.

"Ni ce da Delu. Guntun giginya muke ɗaure wa igiya mu ja, kafin ku tashi daga barci. Kafin mu, uwar Delu ce take yi. Aka yi wasu shekaru aka bari, aka ce an waye. A shekarun nan ne na farin ya tafi."

Na san Inna ta yi ɗan fari kafin Yaya Mansur, na san bai rayu ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya, kuma ko a ranar ba ta kira ba. Ni duk zatona zazzaɓi ne.

"Shekararsa huɗu. Ina daka, na ɗaga kai ban gan shi ba. Ramin nan da aka ɗebi ƙasar ginin masallaci, ta wajen tsamiya, mutum biyu in sun hau kan juna ba za su taɓo ƙasa ba. Sai washegari ya taso." Ta mayar da tabarau. "Daga shekarar na karɓi igiya. Na yi ta ƙara wa labarin gishiri har ku kanku kuna fitsarin kwance. Ku bakwai na raina a bakin ruwan nan, ban sake rasa ko ɗaya ba, unguwar ma ba ta rasa ba. Duka ba ya hana yaro ruwa, Sabi'u. Tsoro ne ke hana shi. Kai kuma ka je ka nuna musu katifa ce, ka sare ta, ka ba su alewa su shiga."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ashe shi ya sani. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk surutun da na yi a falon nan a kan Turawa ya dawo mini, su ko ba komai tafkin wasu suka ɓata, ni na uwata na ɓata.

Na ce ta yafe mini. Na ce don in ji ta sa mini albarka na zo.

"Na yafe maka, ba da mugunta ka yi ba. Maganar gumaka ma na bar ta, wannan abin ko mahaukaci ba zai bauta masa ba. Amma albarka ba zan yi maka ƙaryarta a garin Manzo ba. Damina na tafe. In ta wuce ba a ɗauko ɗan kowa daga ruwan nan ba, ka aiko mini, zan sa a ɗauki kaset naka kai kaɗai."

Sauran tafiyar ba ni da abin faɗa da yawa. Na yi sallama da Ilu, na mayar masa da bidiyonsa. Yaya ya kai ni tasha, a hanya ya faɗa mini sunan yayan namu, ya ce shi ma sai da ya girma ya ji daga bakin Goggo Delu. Na je Makka na yi umarata, na roƙi abin da na roƙa. Yajin tsohuwar nan ma na kai wa 'yarta, ashe kusa da masallacin take da gaske.

Da na dawo na je wurin darakta na ce mu yi kashi na biyu a tayar da Gajimare. Ya ce gidan talabijin sun koma son wasan barkwanci. Na je garinmu na samu mai unguwa a kan a kewaye ramin, ya ce to, za a duba, har yau ana dubawa. Goggo Delu ta rasu, babu wadda ta karɓi igiyarta. Da aka yi ruwan farko ni da kaina na samo guntun giginya na ja shi daga bakin ruwa zuwa tsamiya. Hantsi na yi yara suka zo, suka bi sawun da gudu suna dariya, suna neman inda na ɓoye ƙartin shida.

Don haka na kwaso almakashi da soso na dawo gindin tsamiyar, a nan nake gyaran kujerun gari, dorina a gefena. A nan ma na rubuta wannan. Ranar kasuwa ta fi wuya, don iyaye ba sa nan. Shekaranjiya na juya in yanka yadi, ina ɗagowa na hangi wata 'yar ƙarama da ba ta wuce shekara huɗu ba, ruwa ya kai mata ƙugu, tana nufar wajen ramin. Na faɗa da rigata na sunkuto ta. Ina haki na ce mata ba ta san akwai Gajimare a ciki ba?

Ta kalle ni ta ce, "Baba, ai kun kashe ta. Na gani."

Na dire ta a kan tudu. Gaskiya ta faɗa. Ruwan ya kawo har saiwar tsamiya, kuma manoma sun ce da sauran wata guda kafin damina ta ɗauke.